Mista Doherty na Gidan Ƙanzo

A Kilvarra, idan ka tsaya a ƙofar coci ranar Lahadi ka ɗaga murya ka ce "Doherty", duk garin zai waiwayo, har da Fada, limamin cocin. Ni Doherty aka haife ni, Doherty na aura, kuma ranar auren mahaifina ya ce aƙalla an hutar da mutane koyon sabon suna. Saboda haka ba mai amfani da shi. Yana nan a takardar haihuwa, yana nan a dutsen kabari, amma a baki kowane gida da laƙabinsa. Mu gidan Maƙera ne, ko da yake rabon da a hura zugazugi a gidanmu tun kakana yana saurayi. Ni Brid Maƙera ce, kuma haka zan mutu. Akwai gidan Gishiri, akwai gidan Ja, akwai gidan Sai-Gobe, waɗanda kakansu ya mutu bai gama gyaran rufin ɗakinsa ba. Laƙabi ba a zaɓarsa, ba a roƙonsa, ba a kuma zama a yi shawara a kansa. Wata rana ce bakin wani zai suɓuce, jama'a su yi dariya, shi ke nan ya manne har jikokinka.

Mutum biyu ne suka fitar da sunan Doherty daga garinmu suka kai shi jaridu. Ɗaya Hughie na gidan Agwagwa, marubuci. Ɗayan Condy na gidan Ƙanzo, ɗan majalisa, daga baya minista. A Dublin in ka ce kai Doherty ne daga yankinmu, sai a tambaye ka, "Na wanne? Na littafi ko na majalisa?" Mutanen can sun ɗauka wa da ƙane ne. Ko kaka ba su haɗa ba. Abin da suka haɗa benci ne a makaranta, ni kuma ina bayansu ina shan warin takalmansu.

Gidan Agwagwa ba sai an yi maka bayani ba, ka dai tsaya ka kalli tafiyarsu ta baya. Na Ƙanzo kuwa daga kakan Condy ya fito, wanda tun yana ƙarami aka ba da shi aikatau a gonar wani mai hali can bayan tsauni. Da ya dawo ya zama magidanci, duk gidan da ya shiga aka zuba masa kunun hatsi sai ya ce a bar masa tukunyar, shi ƙanzon ya fi so. Wasu sun ce daɗinsa yake ji, wasu sun ce a can abin da ake ba shi ke nan har ya saba. Mu dai da muka taso ba mu taɓa jin yunwa a cikin sunan ba. Suna ne kawai, kamar Gishiri, kamar Ja.

Allah sarki, waɗancan shekarun. Da rani rana ba ta son faɗuwa, mu uku mukan yini a duwatsun bakin teku muna tsintar dodon koɗi a bokiti, ƙafafunmu sun yi shuɗi don sanyin ruwa, ba mu ma sani ba. Hughie ne mai shirya ƙarya, Condy mai rabo, ni mai faɗa, kuma kowannenmu abin da ya girma ya zama ke nan. In muka gaji sai mu nufi kicin ɗin Maggie Ƙanzo, uwar Condy, ta yanko mana burodi da zafinsa, man shanu yana bin yatsunmu har gwiwar hannu. Ba ta taɓa tambayarmu ko an san inda muke a gida ba. Na ci burodi a otal-otal daga baya, ban sake cin irin wannan ba.

Condy ya fi mu kai, wannan ba gardama. Aka ɗauke shi makarantar kwana a birni, ya dawo hutu da takalmi mai sheƙi da wata irin magana ta hanci. An ce a can wani ya ji laƙabinsa, yara suka riƙa kankare ragowar abinci suna tara masa a faranti. Hughie ne ya gaya mini, shekaru bayan haka. Hughie maƙaryaci ne, amma wannan kam na yarda da shi.

Abin ya faru ne a zaɓensa na farko. Kamar yadda aka saba, 'yan takara kan tare mutane a ƙofar coci da zarar an fito daga sujada. Condy ya hau bayan wata babbar motar ɗaukar kifi da aka wanke ta musamman, ga manyan jam'iyya biyu daga Dublin cikin dogayen kwat, ga wani ɗan jarida da alƙalami a baki. Ya yi magana kan hanya, kan gadar bakin teku inda jiragen masunta za su riƙa tsayawa, kan yaranmu da Ingila ke kwashewa. Wallahi ya iya magana. Mijina Packie Gishiri, da ma zuciyarsa a bakinsa take, daɗi ya cika shi ya cilla hularsa sama.

"Sai kai, Condy Ƙanzo! Namu ne!"

Jama'a suka ɗauka gaba ɗaya, "Ƙanzo! Ƙanzo!" Na ga ɗaya daga cikin masu kwat ya sunkuya yana tambayar ɗan jarida, na ga ɗan jaridar ya yi murmushi ya fara rubutu. Kunnuwan Condy suka yi ja. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'a," ya ce, "wannan zamanin ya wuce. Ina da suna kamar kowa. Doherty nake. Mista Doherty."

Uwarsa tana tsaye a gaba da ɗankwalinta na Lahadi. Ta dai duba ƙasa kamar ta yar da wani abu. Packie ya tsinci hularsa ya kaɗe ta a cinya, ya riƙe ta a ƙirji.

"To, a gafarce mu, Mista Doherty," ya ce.

Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya ce a yi kaza. Ya nemi abu ne muka ba shi. Ranar zaɓe muka fito kaf muka jefa masa ƙuri'a, har tsofaffin da sai an ɗauko su a kujera, domin namu namu ne, ba za mu bari wani daga wani gari ya kayar da shi ba. Haka muka yi ta yi duk zaɓe. Ya kawo hanya, muka ce mun gode, Mista Doherty. Ya kawo wutar lantarki har gidajen kan tudu, ya gina gadar da ya yi alkawari, ya sa aka buɗe ɗakin shan magani. Mun gode, Mista Doherty. Uwarsa ta ci gaba da zama Maggie Ƙanzo har ta koma ga Allah, karen gidansu ma karen Ƙanzo ne. Shi kaɗai ne a duk Kilvarra yake amsa sunan takarda, shi da likita da mai karɓar haraji.

Shi kuwa Hughie, wannan ɗan banzan, London ya tafi leburanci, can ya zauna a wani ɗaki mai sanyi ya rubuta littafi a kanmu. Ya canza sunan garin, amma ko makaho ya san ko su wane. Ya ce mu marowata ne, magulmata, muna tsoron Fada fiye da Allah. Ya sa wata mata a ciki mai harshen da zai iya feɗe kifi, ya kuma ba ta tabon da ke haɓata don kada a yi kuskure. Ba wanda ya sayi littafin a garin nan. Kwafi ɗaya ne ya zagaya gida-gida a ƙarƙashin mayafi har bangonsa ya cire. Turawan Ingila suka ba shi lambar yabo, mu muka yi rantsuwa ba za mu ƙara yi masa magana ba.

Rantsuwar ta kai har ranar da ya sauko daga bas da rani. Ina shanya na hango wannan tafiyar.

"Kai Agwagwa, munafukin Allah!" na ce. "Kana da fuskar dawowa?"

"Brid Maƙera! Na ji an ce kin karanta sau biyu."

"Sau uku, don in tabbatar ƙarya ce. Shigo ka sha shayi kafin in fasa maka kai da tukunya."

Da yammar nan Packie ya naushe shi a mashaya, sannan ya goyo shi ya kai shi gida. Haka muka zauna da shi duk rayuwarsa. Ya sake rubuta wasu littattafan, muka sake zaginsa, yana shigowa ta ƙofar baya ba sallama yana buɗe tukwanenmu.

Shekaru suka ja. Packie ya rasu. Condy ya bar siyasa, matarsa ta rasu, ɗansa yana Kanada, 'yarsa Orla tana Dublin. Sai muka ji ya sayar da gidansa na birni ya dawo gidan uwarsa. Muka ce hutu ya zo yi. Sanyi ya shigo ya wuce yana nan. Kullum da safe yakan sauko shago ya sayi jarida, maza su taɓa hula, mata su ce ina kwana Mista Doherty, hira ta tsaya har sai ya fita.

A shekara ta biyu da dawowarsa aka kawo gawar Hughie daga London. Aka shimfiɗe shi a gidan ƙanwarsa Una, gari ya cika gidan tun da hantsi. Ban taɓa ganin zaman makoki mai daɗin wannan ba, Allah ya gafarta mini. Shayi yana zagayawa, wuski yana bin bayansa, kowa da labarin sharrin da Hughie ya yi masa. Dinny Sai-Gobe ya tsaya a kan akwatin yana nuna shi da yatsa.

"Dube shi, kamar mutumin kirki. Kai Agwagwa, tashi ka faɗa musu wa ya sace mini tsani!"

"Ai taimakonka ya yi," in ji Una. "Da tsanin yana nan, wane dalili za ka ba matarka na rashin gyaran rufi?"

Ana cikin wannan dariya aka ƙwanƙwasa ƙofar gaba. A garinmu ƙofar gaba ta baƙi ce da gawa. Una ta goge hannu ta buɗe, sai ga Condy da baƙar kwat. Dariyar ta mutu. Aka tashi wani aka ba shi kujera mai hannu, Una ta buɗe kabad ta ɗauko kofin tangaran mai ɗan faranti, wanda ba a fito da shi sai Fada ya zo. Mu kowa da tsohon kofinsa mai tsaga a baki. Ya je ya durƙusa gaban akwatin ya daɗe, ya dawo ya zauna da kofin a gwiwa. Ya ce Hughie babban marubuci ne, ƙasa ta yi rashi. Kowa ya ce haka ne, Mista Doherty. Da ya ga ba mai iya ci gaba da hira yana wurin, sai ya yi sallama. Bai kai bakin hanya ba dariya ta sake ɓarkewa, kuma na san ya ji, domin na ga ya ɗan tsaya.

Kwana biyu da jana'iza ina feraye dankali na ji motsi a ƙofar baya. Condy ne. Na miƙe zan kai shi falo.

"Don Allah bar ni a nan," ya ce. Ya ja kujerar Packie ya zauna, yana kallon murhu. "Brid, ranar da nake kwance kamar Hughie, me za a ce?"

"Za a ce ka yi hanya. Za a ce ka yi gada. Fada zai yi dogon jawabi, manya za su zo daga Dublin."

"Ba shi na tambaye ki ba. Wa zai tsaya a kaina ya zage ni?"

Na ci gaba da feraya. Ya ce, "Hughie ya tsiraita ku a idon duniya, ni kuwa ba abin da ban yi wa garin nan ba."

"Hughie da sunanmu ya zage mu," na ce. "Bai taɓa cewa ya fi ƙarfin nasa ba."

"Ina da shekara nawa a lokacin? Yaro ne ni, ga mutanen Dublin suna kallona."

"Uwarka ma tana kallonka."

Ya sunkuyar da kai har na ji ba daɗi. Harshena ke nan, Hughie bai yi ƙarya a kansa ba. Can ya ɗago.

"Ki kira ni da shi. Sau ɗaya. Ba kowa a nan."

Na ajiye wuƙar. Na so in yi, Allah ya sani. Mutumin da muka ci burodi ɗaya ne yake zaune a kicin ɗina da furfura yana roƙon sunansa. Na buɗe baki, sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya. Yana kallona, sai ya yi wata 'yar dariya.

"Bari, bari. Kin ga fuskarki kuwa? Kamar mai shan maganin tsutsar ciki."

"Kai ma ka san ba a roƙonsa," na ce. "In na faɗa yanzu, sadaka na ba ka."

"Na sani." Ya tashi ya ɗauki hularsa. "Na ci zaɓe sau nawa a garin nan. Wannan ma zan ci."

Daga nan ya shiga yaƙin neman zaɓensa na ƙarshe, kuma ban taɓa ganin ɗan takara ya sha ƙasa irin haka ba. Ya ajiye kwat ya samo wata tsohuwar rigar sanyi mai huda a gwiwar hannu. Mutane suka ce kai, Mista Doherty akwai sauƙin kai. Ya fara zuwa mashaya yana zama a kan benci da masunta. Wata rana ya miƙe da kansa ya ba da labarin kakansa da tukunya, har yana kwaikwayon yadda tsohon ke kankara da cokali. Aka tafa masa. Mai mashayar ya ce, "Labari mai daɗi, Mista Doherty, wannan kofin kyauta na ba ka." Ya sa aka rubuta laƙabin a allo aka kafa a ƙofar gidansa. Dinny ya tsaya ya karanta, ya ce ya yi kyau, irin yadda Jamusawa masu gidajen hutu suke sa wa nasu suna.

Sannan ya sayi akuya. Ni kaɗai na gane dalili. Ya riƙa barin ƙofar shinge a buɗe, akuyar ta shiga lambun Dinny ta cinye kabejinsa tas, wanda shi ne abu ɗaya da Dinny ya taɓa shukawa a kan lokaci. Condy ya tsaya a ƙofar gida tun safe, ya gyara tsayuwa yana jiran zagi kamar mai jiran kyauta. Sai ga Dinny ya taho janye da akuya, fuskarsa ta yi jawur, jijiyar wuyansa ta tashi. Ina leƙe ta taga ina cewa a raina, faɗi, Dinny, faɗi mana. Ya zo gaban Condy ya haɗiye yawu, ya cire hula.

"Ga akuyarka, Mista Doherty. Ba komai. Da ma kabejin ya yi mana yawa."

Na ga kafaɗun Condy sun sauka. Ranar na ji haushin garin nan, na ji haushin Packie a kabarinsa, na ji haushin Condy da ya ja mana. Gaskiyar magana, a lokacin ba mai riƙe da shi a zuci. Waɗanda suka ji zafin abin yawanci suna maƙabarta, yara kuwa ba su ma san yana da wani suna ba. Tun muna yi da gayya har ya zama ba mu iya wani abu ba. Harshe ya riga ya kwanta a gefe ɗaya.

Da kaka ta shigo sai ya daina. Na ɗauka haƙura ya yi. Ashe wani abu ne daban. Ya fara barin buta a wuta har ta ƙone. Ya sayi jarida sau biyu a safiya ɗaya. Wata rana ya tare ni a hanya ya tambaye ni ko na ga uwarsa, ta fita tun ɗazu ba ta dawo ba. Orla ta zo daga Dublin ta kai shi wurin likita, ta dawo idanunta a kumbure. Ta samo wata nas tana zuwa da rana, ta ce mana in sanyi ya wuce za ta ɗauke shi ya koma kusa da ita. Na riƙa kai masa miya. Wani lokaci ya gane ni, wani lokaci ya yi mini godiya irin ta ofis. Maganar suna bai sake tayar da ita ba, ni kuma na ce a raina akwai lokaci, wata rana zai fito da kansa.

Wata safiya jirage sun shigo, na sauka gada da sandata in sayi kifi. An kwana ana ruwa, teku ta cika ta ƙoshi, igiyar ruwa tana dukan ƙarshen gadar tana watsowa sama. Ina cikin ciniki da ɗan Dinny sai ya daina saurarena, yana kallon bayana. Na juya. Condy ne, da rigar barci da silifa, ya riga ya wuce mu, ya wuce inda ake ɗaure jirage, yana tafiya a hankali zuwa can ƙarshe inda ba shinge, inda gansakuka ta sa simintin santsi. Hannunsa ɗaya a goshi yana duban teku.

Maza suka yar da akwatunan kifi. "Mista Doherty! Mista Doherty, tsaya!" Ko gezau. "Yallaɓai! Minista!" Iska tana kai masa muryar, na tabbata yana ji, amma ko kafaɗa bai motsa ba. Samari biyu suka ruga, ɗaya ya zame ya faɗi a kan gwiwa. Tsakaninsa da su akwai nisa, tsakaninsa da ruwa kuwa ba komai.

Ban yi shawara da kaina ba. Ji kawai na yi maƙogwarona ya yage.

"Kai Condy Ƙanzo! Don ubanka dawo nan! Haukacewa ka yi?"

Ya tsaya cak. Ya juyo, ya kare ido da hannu yana nemana a cikin mutane, sannan ya taho, silifa tana ɗaukar ruwa, ya ratsa samarin kamar ba ya ganinsu. Ni kuwa ina jiran in ga fuskarsa, in ga abin da ya daɗe yana nema ya sauka a kanta.

Ba abin da ya sauka. Ya ɗaure fuska ne kawai.

"Ke Brid Maƙera, wane irin ihu ne wannan a gaban mutane? Jirgin Baba nake dubawa. Ya ce in jira shi in taya shi ɗaukar raga."

"Ya riga ya shigo," na ce. "Yana gida."

"To ai sai ki faɗa da hankali." Ya leƙa fuskata. "Kuka kike yi? Wa ya taɓa ki? In Hughie ne ki gaya mini."

"Iska ce."

Ɗan Dinny ya cire rigarsa ya yafa masa. Na riƙe hannunsa muka hau tudu, shi da silifa ni da sanda. Labari ya riga mu isa, ban san ta yaya ba. Dinny yana tsaye a bakin shingensa, hula a kai, bai taɓa ta ba.

"Condy Ƙanzo," ya ce, muryarsa tana karyewa, "ka ci mini kabeji, ɓarawon banza."

"Kai dai gyara rufinku, Sai-Gobe," in ji Condy, bai ko rage tafiya ba.

Una ta fito ƙofar shago ta kira shi da sunan. Mai mashaya ya kira shi. Wata tsohuwa daga gidan Ja ta buɗe taga ta kira shi har sau biyu. Duk wanda ya kira shi, sai Condy ya ɗaga masa hannu sama-sama, yadda mutum ke amsa abin da yake ji kullum tun yana yaro. Bai yi mamaki ba, bai yi murna ba. Sauri yake ya isa gida kada babansa ya yi faɗa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan hawan tudun ba, ko ranar da aka binne Packie.

A ƙofar gidansu ya tsaya, ya waiwaya wajen teku, ya matso kusa da kunnena.

"Brid, wai wane ne wannan Mista Doherty da suke ta kira a gada? Kamar hankalinsu ya tashi. Allah ya sa dai sun same shi."

Na ce masa wani baƙo ne, ya riga ya tafi.

"Allah sarki," ya ce. "Ko shayi ba a ba shi ba?"